Ina hirar dare ta Karantina da Gulel ta koma bayan rusau?

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, musamman iyayenmu da yayyenmu mazauna Jidda da Makka. Na zauna a Jidda shekara 11, daga 2008 zuwa 2019, ina ɗinki a wani shago da ke tsakanin unguwannin Karantina da Gulel, kafin na tattara na koma Kano. A azumin bana, idan Allah Ya kai mu, zan kawo mahaifiyata umara, kuma tunda bizar umara ta yanzu ba ta hana mutum zagaya garuruwa, ina so in ware mata dare biyu a Jidda domin ta ga wuraren da na daɗe ina ba ta labarinsu.

Na san an yi rusau a waɗannan unguwanni tun daga ƙarshen 2021, kuma hotunan da aka turo mini sun nuna fili fetal a inda na san lunguna. A zamanina, da zarar an sallame tarawihi sai layin ya cika, masu tsire su hura gawayi, mata su jera ƙwaryar fura da tandar waina, dattawa kuma su baje tabarma suna musu a kan siyasar gida har a kusa sahur. Tambayata ita ce: akwai unguwar da ta gaji wannan taro, ko kuwa ya watse ke nan? Idan ya watse, ina ya dace in kai tsohuwar da ta haura shekara 70, wadda ba ta jin Larabci, ba ta kuma son hayaniyar manyan kantuna?

Baba Na Jarwal ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya kawo ku lafiya, Ya karɓi ibadar Hajiya. Gara in faɗa maka gaskiya tun kana gida, domin kada ka sauka da buri ka koma da ɓacin rai: babu unguwa guda da ta gaji Karantina. An fara da Gulel da Betromin a watan Oktoban 2021, sannan aka bi ta kan Karantina, Sabil, Nuzla Yamaniyya, Kandara da Hindawiyya, har zuwa Bani Malik. Diyya ta 'yan ƙasa ce masu gida, alhali mafi yawan mutanenmu 'yan haya ne, saboda haka kowa ya nufi inda aljihunsa ya kai shi. Daga cikin maƙwabtana akwai waɗanda suka koma Bahra da ke tsakanin Jidda da Makka, akwai waɗanda suka bi 'yan'uwa zuwa Makka, akwai kuma waɗanda suka ga tsadar haya ta fi ƙarfinsu suka koma Kano da Damagaram, wasunsu ma ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba sai a wannan tafiya.

Ba zan yi maka ƙaryar cewa unguwannin nan aljannar duniya ba ne. Kai da kanka ka san kwatamin da ke malala a lungu, da wayoyin lantarki da suka sarƙe kamar saƙar gizo, da yadda motar kashe gobara ba ta iya shiga. Amma abin da ya tara mu a can ya girmi gine-ginen. Kakana a ƙasa ya tako, ta Barno da Wadai da Sudan, yana noma a hanya yana tara guzuri, ya ƙetaro teku a jirgin ruwa, kamar dubban da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Irin waɗannan mutane idan sun sauka, kusa da tashar jiragen ruwa suke neman inda za su raɓa, kuma sunan Karantina kansa daga wurin killace alhazai saboda annoba ya samo asali. Hirar da kake tunawa ta yiwu ne domin mai tsire da limami da tela da ungozoma duk ƙofofinsu na kallon juna. Yanzu kuwa ina hawa na huɗu a wani bene, kuma shekara biyu ke nan ban san sunan wanda ke ƙasana ba.

Abin da na fi kewa ma ba abincin ba ne, wasan mizmar ne na daren biki da daren salla. Ko da yake sunansa na abin busa ne, babu busa a cikinsa, ganguna ne da tafi da waƙar da ake kira zomal, maza su yi sahu biyu suna fuskantar juna, mutum biyu su fito tsakiya suna juya sanda. Al'adar Hijaz ce baki ɗaya, wato yankin su Makka da Jidda, har UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun duniya a 2016, amma duk wanda ya tashi a unguwar Jarwal ko Misfala a Makka ya san cewa yaranmu na cikin gwanayen riƙe ganga. Ni dai duk lokacin da na ga sandunan nan, rawar takkai da mahaifina yake ba mu labari nake tunawa. A da wuta ake hurawa a tsakiyar fili a kewaye ta, yau kuwa sai an yi hayar 'yan wasa zuwa ɗakin taro, su yi awa ɗaya a sallame su.

Maman Walid ta amsa:

Baba ya gama magana a kan zama, ni kuma bari in yi a kan tukunya, tunda ita ce sana'ata. Malam, abincin bai mutu ba, waya ya shiga. Matan da ka sani a bakin layi, waɗanda suka rage a garin, yawancinsu a gida suke girki yanzu, su sa hoto a WhatsApp da la'asar, a yi oda, yaro ya kai a mota. Waina da miyar taushe, dambu, ɗanwake, alala, kunun gyaɗa, fura da nono, duk ana samu, sai dai kuɗin kai wa a wasu lokuta ya kusa kamo kuɗin abincin, domin mai saye na iya kasancewa a arewacin gari mai girki kuma a can kudu. Kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya har yanzu a jakar masu zuwa umara suke iso mana, don haka idan Hajiya tana da sauran kilo a kayanta, ta san abin da za ta riƙo.

Kada ka yi mamakin rashin masu tsire a bakin titi. Kasa kaya ba tare da lasisi ba yanzu yana jawo tara da ƙwace kaya, buɗe shago da sunan ɗan ƙasa kuma, wanda ake kira tasattur, laifi ne da sabuwar doka ta kai hukuncinsa har ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Wanda ke lallaɓa igamarsa, wato takardar izinin zama, ba zai sa kansa a wannan haɗari saboda tsinken nama ba.

Taro kuwa ya koma istiraha, wato gidajen shaƙatawa masu katanga da ake haya na dare ɗaya a bayan gari. A can ake suna da walima da buɗa-baki na ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, kowa ya kawo karo-karonsa. Idan kana son Hajiya ta ji Hausa ta cika mata kunne, nemi tsofaffin abokan ɗinkinka tun yanzu su gaya maka daren da mutanensu za su yi buɗa-baki, domin abu ne na gayyata, ba a faɗa masa kwatsam kamar yadda ake faɗa wa layin da.

Abu Rayan ya amsa:

Ina neman afuwar Baba, domin ni jikansa ne a shekaru, amma ina ganin an bar Yaya Ɗan Kurna da jimami alhali dare biyu yake da su. Shawarata ita ce a ba istiraha dare ɗaya, ɗayan kuma a kai Hajiya Balad, tsohon garin Jidda, wanda ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 2014, kuma an yi masa gyara sosai bayan tafiyarka. A azumi, bayan tarawihi, lungunansa suna cika da rumfunan da ake kira basɗa: masu balila, wato wani irin dafaffen wake, da rawaninsu ruwan ɗorawa suna rera talla, masu soya hanta a kan faranti, masu abin shan nan sobiya fara da ja. Tsohuwar da ta san daren kasuwar Kurmi ba za ta ji baƙunta ba ko da ba ta jin kalma ɗaya, domin ciniki da ƙamshi ba su buƙatar tafinta.

Ku shiga ta Bab Makka ku gangara ta kasuwar Alawi har gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, za ta ga bishiyar darbejiya a ƙofarsa irin ta gida. Ku tsaya a masallacin Shafi'i ta huta, ta kalli tagogin katakon nan da ake kira rawashin. A irin waɗannan darare akan ci karo da masu mizmar a fili, kyauta. Daga Makka jirgin ƙasa na Haramain yana kawo mutum tashar Sulaimaniyya cikin kusan rabin awa, sai ku ɗauki tasi, domin neman wurin ajiye mota a Balad cikin azumi wahala ce. A guji daren Juma'a da na Asabar saboda cunkoso, a kuma zo mata da keken guragu ko da tana iya tafiya, domin daɓen dutse ne kuma da nisa.

Sannan a nemi siriya. Nama ne yankan falle-falle da aka barbaɗe da garin gyaɗa da yaji aka gasa a gawayi, ana ba da shi da albasa da lemun tsami, kuma mutanen Hijaz suna lissafa shi cikin abincinsu na gargajiya. Abokaina Larabawa sun sha yi mini musu idan na ce namu ne.

Baba Na Jarwal ya sake amsawa:

Babu laifi jikana, shawararka ta fi tawa amfani. Game da siriya kuwa, ka ce wa abokanka su furta "tsire" sau uku da harshensu su ji abin da zai fito. A Sudan agashe suke ce masa, wannan ma ba ya buƙatar fassara ga Bahaushe. Sai dai ka gargaɗi Yayanka cewa na shagunan yanzu ƙuli-ƙulinsa kaɗan ne, barkonon kuma an rage shi saboda baƙi, don haka ya sa ƙullin yajinsa a aljihu.

Ɗan Kurna ya rubuta:

Na gode Baba, na gode Maman Walid, na gode ƙanena, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa tsohuwa amsoshinku a daren jiya. Ta amince da Balad da keken, amma ta ce lallai sai na tsayar da tasi a filin da shagona yake, ko da babu komai a wurin, domin daga nan ne kuɗin rufin ɗakinta ya fito. Maman Walid, ta ce a tambaye ki ko daddawar kalwa kuka fi buƙata ko ta batso, domin ta sa a fara nema tun kafin Sha'aban ya ƙare.