Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba abincin da ke taimakon hanji?

Jama'a, ina neman taimakon masu Hausa, musamman ma'aikatan lafiya da masu fassarar labarai a gidajen rediyon Sakkwato. Akwai abin da Turawa ke kira functional food, yana ta shigowa shirye-shiryen lafiya, kowa kuma da yadda yake juya shi. Gara mu tsayar da suna ɗaya tun kafin masu tallar magani da lasifika su tsayar mana da nasu.

Abinci ne na yau da kullum, wanda ake ci a kwano ko a sha a moɗa, amma ban da ƙoshi da gina jiki yana da wani aiki takamaimai da bincike ya tabbatar. Japan ce ta fara ba shi gurbi a doka. A 1991 gwamnatinsu ta kafa tsarin FOSHU, inda sai kamfani ya kawo hujja kafin a bar shi ya rubuta a kwali cewa abincinsa yana yin kaza.

Cikin sunayen da jama'a suka kawo mini, shawarar da ta fi yawa ita ce "abincin magani". Malamaina, ku yi haƙuri, ban yarda da ita ba. Ranar da aka faɗi haka a rediyo, a ranar mai ciwon suga zai ajiye maganin asibiti ya koma kan kunu. Abincin nan taimako yake yi, ba ya warkar da cuta. "Abincin rigakafi" ma ya yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba.

Wata Hajiya ta kawo "abinci mai gyaran jiki". Hajiya, ranki ya daɗe, a garin nan kin san inda hankalin mutane zai tafi. Gyaran jiki na amare ne da masu kayan mata, sun riga mu. "Mai gina jiki" kuma tuni yana da masu shi: nama, ƙwai, wake, kifi.

Ni dai na tsaya a kan "abinci mai ƙarin amfani". Ba shi da armashi, na sani. Amma bai yi ƙarya ba, kuma yana sa mai sauraro ya tambaya, amfanin me? Daga nan sai mai bayani ya kawo hujjarsa, in yana da ita.

Wata Inna ta aiko da saƙon murya tana dariya: "Ɗiyana, wanga abu da kuka ta wahala kai, ai hura da nono na." Inna, kin kusa gaskiya. Bafillatana takan tafasa madara, ta bari ta huce, ta zuba ɗan ragowar nonon jiya, ta rufe ƙwarya ta ajiye. Kafin gari ya waye ya kama ya zama kindirmo. Wasu ƙananan halittu ne, irin su Lactobacillus, suka ci wani ɓangare na sukarin madarar suka mayar da shi tsami. Shi ya sa wasu da madara ke kumbura wa ciki suke shan kindirmo lafiya lau. Tun 1907 masanin kimiyya Élie Metchnikoff na Cibiyar Pasteur da ke Paris ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da nono mai tsami da suke sha. Zato ne ya yi, bai tabbatar ba, amma daga nan binciken ya kankama.

Sai dai Inna, ba kowane mai tsami ne ya shiga sahu ba. Kamu yana da halittun nan, amma da an dama koko da tafasasshen ruwa yawancinsu sun mutu. Nonon da ba a tafasa madararsa ba kuma yana iya ɗauko tarin fuka na shanu da wasu cututtukan. Ga kuma ruwan da ake sirka shi da shi a kasuwa, wanda ba kullum aka san daga ina aka ɗebo ba.

Nan ne muka iso kalmar da ta fi ba ni ciwon kai, wato furobayotik. A 2001 masanan da hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO da WHO, suka tara sun ba da ma'anarsa: halittu masu rai waɗanda, in aka sha su da isasshen yawa, suke amfanar jiki. Matsalar daga wajenmu take. Mun saba kiran duk wata bakteriya "ƙwayar cuta", har za ka ji ɗan jarida yana cewa "ƙwayoyin cuta masu amfani". Cuta kuma mai amfani? Wace uwa ce za ta ɗura wa ɗanta abin da aka kira cuta? In kuma ka cire cutar ka bar "ƙwayoyi" kawai, matasa za su yi maka wata fassarar daban, ta 'yan shaye-shaye.

Wani malamin kimiyya ya ce a yi amfani da "halittun hanji masu amfani". Allah ya ƙara ilimi, Malam, na karɓa. Hanjin kowane mai lafiya cike yake da su, mafi yawa a babban hanji. Suna narkar da abin da cikinmu ya kasa narkarwa, suna fitar da sinadarai irin su butiret da bangon hanjin ke rayuwa a kansu, suna haɗa bitamin K, suna kuma tare wa masu cutarwa wuri. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya bambance na kirki da na banza, wannan na cikin dalilan da wasu ke yin zawo bayan sun sha shi. Ga masu karanta kwalin yogot a shago, a bar musu furobayotik yadda take, a bi ta da bayanin.

Kuma "lafiyar hanji" za mu ce, ba "lafiyar ciki" ba. In ka ce ciki, rabin masu sauraro awon masu juna biyu za su ɗauka.

Saura guda ɗaya, firibayotik, kalmar da wasu masana biyu, Gibson da Roberfroid, suka fito da ita a 1995. Wannan ba halitta ba ce, abincin halittun ne: ɓangaren tsirrai da ke wuce ƙaramin hanji bai narke ba, sai ya isa babban hanji su ci. Wani sinadari da ake kira inulin yana cikin irin wannan abincin, ana kuma samunsa a albasa da tafarnuwa, waɗanda muke lodawa a manyan motoci daga fadamun Goronyo da Wurno zuwa kudu. Wake ma yana da nasa rabon, haka hatsin da ba a surfe shi tas ba. Mu kuwa mun saba surfe gero mu zuba wa tumaki dusar.

Wani ya ce tunda kiwon halittun muke yi, a kira shi "harawar hanji". Na yi dariya, kuma ma'anar ta fita sarai, amma ban ga likitan da zai dubi dattijo ya ce masa ya ƙara cin harawa ba. "Abincin halittun hanji" daidai ne, sai dai ya yi tsawo a bakin mai karanta labarai. Malaman Hausa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wannan kam taku ce. Akwai gajeriyar kalma da manoma ko makiyaya ke amfani da ita da za ta zauna a nan?