Sokawe ya daina shan ruwa, wa ya taɓa gani?

Mai tambaya, Kano:
Assalamu alaikum. Sokawen gidana shekararsa 6, bai taɓa ba ni ciwon kai ba sai bana. Na kira mota ta zuƙe shi, ko wata biyu ba a rufa ba ya sake cika fal, har ruwa na dawowa ta banɗaki. Kuma mu takwas ne a gidan, kamar da. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka.

Magini, Zariya:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Raminka toshewa ya yi. Na sha buɗe irinsa: sai ka tarar bango da gindin ramin duk sun lulluɓe da wani baƙin yauƙi mai santsi kamar miyar kuɓewa, ga wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ka kankare shi da shebur, ka ga ƙasar da ke bayansa lafiya lau. Mota ruwa take ɗauka, yauƙin tana barinsa a nan. Kada dai ka bari yaro ya shiga ramin, iskar ciki tana kisa.

Uwargida, Kaduna:
Mu namu ruwan wanke-wanke ne ya kashe shi, ga manja ga kitse. Da muka sa ƙaramin akwatin tare maiƙo a bayan kicin, ina kwashewa duk Asabar, sabon ramin ya zauna lafiya. Aikin akwai ƙyama, ba zan ɓoye ba.

Direba, Gusau:
Ni an ce in zuba kananzir da gishiri. Na zuba. Kuɗina ne kawai suka tafi, wari ya ƙaru.

Malamin kimiyya, Katsina:
Malam, kananzir ɗin ma rijiyar maƙwabta zai nufa. Yauƙin da magini ya faɗa rayayye ne. Ƙwayoyin bakteriya ne ke cin dattin ruwan, su hayayyafa, su fitar da wani abu mai danƙo da ke liƙe 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Baƙin kuma haɗuwar ƙarfen cikin ƙasa ne da sinadarin salfa a inda iska ba ta kaiwa. Kaɗan daga cikin yauƙin ma alheri ne, domin yana rage gudun ruwan, yana tace ƙwayoyin cuta. Matsalar sai ramin ya zauna jiƙe dare da rana, yauƙin ya yi kauri. Maganinsa iska da hutu. A Shafdan da ke Isra'ila, inda ake tsoma ruwan dattin yankin Tel Abib cikin yashi bayan an tace shi, sukan cika fili da ruwa, su bar shi ya bushe, lokaci-lokaci su yi masa huɗa.

Ɗan kasuwa, Maraɗi:
Abin da na yi ke nan ban san sunansa ba. Rami biyu gare ni, kowace shekara nakan juya bututu, ɗaya ya huta. Amma mu nan jigawa ce. Ƙanena da ke kan laka kusa da fadama, biyun ma da kyar suke kai shi ƙarshen damina.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Akwatin maiƙo zan sa a makon nan in Allah ya yarda. Rami na biyun ne damuwata: filin da ya rage bai fi taku goma daga rijiyarmu ba, ga shi ana cewa a bar mita 30. Malam magini, in aka kwashe aka kankare wannan ɗin da rani, kwana nawa zai buƙata a buɗe?