Yaya ake bambance tsufa da rashin kulawa, kuma ta ina ake fara magana?

Jikar Hajiya:
Assalamu alaikum. Kakata ta wajen uwa ta haura shekara 80, kuma tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita bara take gidan kawuna, inda matarsa ce ke jinyarta. Da na je gaishe ta makon jiya na tarar ta rame ƙwarai, ɗakin yana zarni, kuma da nake gyara mata zani sai na ga gyambo a ƙugunta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne muna cikin hira, matar kawu na shigowa sai kakata ta yi tsit. Kakar tawa tsohuwar malamar firamare ce, katin bankin da fanshonta ke shiga yana hannun kawu. Mahaifiyata ta ce tsufa ne kawai, kada in haddasa rigima. Shin haka ne?

Ma'aikaciyar Jinya, Zariya:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, tsufa shi kaɗai ba ya kawo wannan gyambo. Daɗewa a kwance a gefe guda ne ke hana jini isa ga fatar da ƙashi ya danne, shi ya sa yake fitowa a ƙugu da dunduniya da ƙasan baya, kuma jiƙar fitsari tana ƙara masa sauri. Mai irin wannan lalura ana juya shi ne kamar duk bayan awa 2. Idan kin koma, ki duba ko leɓɓanta sun bushe, ko fitsarinta ya yi duhu, sannan ki ƙirga ƙwayoyin maganinta ki ga ko suna raguwa yadda likita ya rubuta. Tabo a damtse ko a wuyan hannu yana iya nuna riƙo da ƙarfi ko ɗauri. Ruɗewar da ta zo kwatsam ma ba lallai gigin tsufa ba ce, domin cutar mafitsara ko ƙarancin ruwa a jiki suna jawo ta, kuma suna da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama yana fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, don haka zarginki ba rashin kunya ba ne. Ki keɓe da ita ki tambaye ta, amma gyambon nan ba ya jiran taron dangi. A kai ta asibiti.

Malam Dattijo:
'Yata, ban musa bayanin malamar asibiti ba, sai dai kafin a ɗora wa matar kawunki laifi, a tambaya: wa ke tashi da dare ya ɗaga tsohuwar nan, ya wanke ta, ya shanya shimfiɗa, alhali ga girki ga yara? Na sha ganin gidajen da aka sakar wa mace ɗaya jinya, 'ya'yan cikin kuwa sai ziyarar Juma'a da ledar lemo. Aya ta 23 a Suratul Isra'i, wadda ta hana a ce wa iyaye ko da "uf", da 'ya'ya take magana, ba da suruka ba. Ki nemi babba a dangi wanda kawu ke jin nauyinsa, ya tara su a raba kwanakin jinya da kuɗin magani. Mahaifiyarki ma tana da kaso a ciki.

Baban Sadiq:
Ranka ya daɗe Malam, gajiya tana iya bayyana zarnin ɗaki, amma ba ta bayyana tsoron da tsohuwa ke ji ba, balle maganar kati. Fanshon nan haƙƙinta ne muddin tana raye, ba gado ba ne da za a fara ci tun yanzu. A wajen taron a nemi takardar bayanin asusu daga banki, a ga abin da ya shiga da abin da aka kashe mata. Idan dangi suka kasa, akwai mai unguwa da limami, akwai Hisba a jihohin da take aiki. Dokar hana cin zarafi ta 2015 ma ta haramta yasar da wanda ke ƙarƙashin kulawar mutum ba tare da abin rayuwa ba, a Abuja da jihohin da suka amince da ita.

Jikar Hajiya:
Na gode muku. Na samu yayan mahaifiyata da ke Funtuwa, ya ce zai zo ranar Asabar, ni kuma gobe da safe zan kai ta a duba gyambon.