Wane irin zarto ya kamata in saya na shiga daji?

Ɗan Bolari:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu shiga daji ku ban shawara. Ni da abokaina mukan je wajen Dadin Kowa kamun kifi mu kafa tanti mu kwana can, to matsalarmu ita ce, adda muke zuwa da ita amma in ka samu busasshen marke ko ƙirya sai ka yi ta sara tana tsalle hannu duk ya yi bororo, kafin ka haɗa na dafa shayi magariba ta yi. Gatari kuma nauyi, a mashin muke tafiya mu biyu ga kaya. Na ga wani zarto mai naɗewa irin na wuƙar aljihu, na ga kuma wani na waya mai zobe biyu, shi arha ne sosai. Wanne ya fi? Ko in ɗauki zarton ƙarfe da ke gida kawai in huta?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Zarton ƙarfe dai bar shi a gida malam, haƙoransa ƙanana ne, 18 zuwa 32 a inci ɗaya, garin itacen ke cushe su sai ka ga kana ta gogawa ba ya ci. Na itace haƙora 6 ko 7 ne a inci, manya masu fili a tsakani yadda garin zai riƙa zubowa. Na wayar nan kuma kar ka ɓata kuɗinka, da ya ɗau zafi yake tsinkewa, balle a kan ƙirya.

Mai naɗewan shi ne daidai da kai tunda mashin ne. Guda biyu aka fi sani. Akwai Bahco Laplander, kamfanin asalinsa na Suwidin ne, tsawon bakinsa wajen santimita 19, nauyinsa bai wuce giram 200 ba, yana ci in ka tura yana ci in ka ja, kuma yana da jure wahala, ko ɗan koyo ka ba ba zai karya ba da wuri. Sai Silky Gomboy na Japan, mai santimita 24 ɗin, wannan wlh ya fi sauri nesa ba kusa ba amma shi a ja kawai yake ci, in ka danna shi da ƙarfi wajen turawa ya maƙale a itace sai bakin ya lanƙwashe ko ya ɓalle, kuma ya fi tsada. Tunda ku da yawa ne kowa zai ce ba ni in gwada, ni Bahco zan ce maka. Amma ka sani duk su biyun na itace mai kaurin dantse ne zuwa ƙwauri, in gungume kake so ba aikinsu ba ne.

Tsohon Kafinta:
Yara kun cika son abin da sai an yi oda a intanet. Shi wannan mai naɗewan haƙoransa an gasa su sun yi tauri, magagari ba ya kama su, ranar da ya dakushe sai dai ka nemi sabon baki, a ina za ka same shi a Gombe? Ɗana ka shiga babbar kasuwa layin masu kayan gini ka ce zarton baka kake so, wato mai firam lanƙwasasshe kamar bakan harbi, mai inci 21, kar ka ɗauki 24 zai dame ka a mashin. Ka ɗaure shi a gefen kariya ka rufe haƙoran da tsohon tiyo da ka tsaga. Bakinsa iri biyu ne, mai haƙora jere iri ɗaya na busasshen itace, mai haƙora da 'yar gwafa a tsakani na ɗanye, kai na busasshe za ka saya guda biyu ka ajiye ɗaya. In ma firam ɗin ya maka girma tafi da bakin kaɗai da noti biyu, a can ka samu sanda mai lanƙwasuwa ka tsaga bakinta biyu ka ɗaura. In ƙaro ya manne masa ka goge da kananzir, ka ɗan shafa mai saboda tsatsa tunda bakin ruwa kuke.

Baban Ummi:
Allah ya ƙara girma Baba, maganar wasawa gaskiya kuka faɗa ba musu. Sai dai zarton baka ba ya shiga tsakanin rassa in sun cunkushe, firam ɗin ke tokarewa, shi kuma Ɗan Bolari itacen dafa shayi da gashin kifi yake nema ba na sayarwa ba.

Yar Kaltungo:
Yayana ko wanne ka saya kar ka bar addar a gida, zarto ba ya share ciyawa ba ya fiƙe turke. Kuma dan Allah kar ka sa hannu ƙarƙashin busasshen itacen da ke kwance sai ka juya shi da sanda tukuna, nan kububuwa ke kwanciya, mu nan da asibitin masu cizon maciji yake a garinmu muna ganin yadda ake kawo mutane musamman lokacin girbi. Ɗanyen ice kuma ku bar shi, in malaman daji suka gan ka da zarto kusa da gandun Kanawa sai ka yi bayani mai tsawo.

Ɗan Bolari:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baba gobe in sha Allahu zan leƙa kasuwar in duba na bakan tunda shi ne a kusa, mai naɗewan sai an yi albashi. Ta ya zan gane bakin mai kyau ne?

Tsohon Kafinta:
Ɗaga shi saitin idonka ka kalli tsawonsa, haƙoran su zama ɗaya ya karkata dama ɗaya hagu, in a miƙe suke duka zai riƙa maƙalewa. Ka ɗan lanƙwasa shi ka saki, in bai koma daidai ba ajiye musu kayansu.