Wa ya cike gurbin Yahuza, Matiyas ko Bulus?

Ɗan kwaya: Salama 'yan'uwa. Ni dai na daɗe da wannan ra'ayin, Bulus ne manzo na 12 na gaskiya, zaɓen Matiyas gaggawa ce Bitrus ya yi. Yesu ya ce su jira a Urushalima har Ruhu Mai Tsarki ya sauko, su kuma kafin Fentikos sai suka tsai da mutum biyu suka jefa ƙuri'a. Tunda aka zaɓi Matiyas a Ayyukan Manzanni 1:26 wa ya sake jin sunansa?

Mama ta zumunta: Ɗana bari mu fara jero manzanni sha biyun tukuna, don ko a zumunta akwai masu sa Luka da Markus a ciki alhali basa ciki. Matiyu 10: Bitrus da ɗan'uwansa Andarawas, Yakubu da Yahaya 'ya'yan Zabadi, Filibus, Bartalamawas, Toma, Matiyu mai karɓar haraji, Yakubu ɗan Halfa, Tadawas, Saminu da ake kira Zaloti, sai Yahuza Iskariyoti. Toh ka duba Ayyukan Manzanni bayan sura ta 1, ina sunan Toma, ina Andarawas, ina Bartalamawas? In shiru ne hujja to su ma sai ka cire su kenan.

Ɗan kwaya: Mama su ai Yesu ne ya kira su da bakinsa, haka ma Bulus a hanyar Dimashƙu. Galatiyawa 1:1 shi da kansa ya ce manzancinsa ba daga mutum ba ne. Wanda ya kai bishara har Roma, ga wasiƙu 13 da sunansa, a ce wanda ƙuri'a ta faɗa wa ya riga shi kujera?

Dattijo: Yaro ba wanda ya ce Bulus ba manzo ba ne, Barnaba ma an kira shi manzo a Ayyukan Manzanni 14:14, amma sha biyun daban suke. Ka karanta 1:21-22 a hankali, sharaɗin shine mutumin da ya yi ta yawo da su tun baftismar Yahaya har ranar da aka ɗauke Ubangiji sama, ya ga komai da idonsa, to a lokacin ina Bulus yake, ai sai a sura ta 7 muka fara ganinsa ana ajiye riguna a gabansa ana jifan Istifanas. Kuma ba caca suka yi ba, mutum wajen 120 ne a wurin, Bitrus ya kawo Zabura 109, suka yi addu'a suka ce Ubangiji ya nuna wanda ya zaɓa tsakanin Yusufu Barsaba da Matiyas.

Mai bishara: Baba ƙara masa da 6:2, Luka, marubucin Ayyukan Manzanni, ya rubuta cewa sha biyun sun tara jama'a, Bulus kuwa sai a sura ta 9 ya tuba. Ba inda Luka ya nuna kuskure aka yi. Bulus ma a 1 Korantiyawa 15 ya ambaci sha biyun daban, sannan ya kawo kansa a ƙarshe.

Ɗan kwaya: Na ji wannan, ta 6:2 tana da ƙarfi gaskiya. Amma har yanzu Wahayi 21:14 na damuna, harsashi 12 na birnin Sabuwar Urushalima da sunayen manzanni 12 a kai, zuciyata ta kasa ɗaukar cewa babu sunan Bulus a wurin. Kuma me ya sa da sarki Hirudus ya kashe Yakubu ɗan Zabadi da takobi ba a sake jefa ƙuri'a ba?

Mama ta zumunta: Don Yakubu bai bar gurbinsa ba, a kan aikinsa ya mutu. Yahuza ne ya yar da nasa.

Dattijo: Maganar Wahayi kuwa Yahaya bai lissafa sunayen ba, kar mu rubuta masa. Fasto zai ɗauki Ayyukan Manzanni sura ta 1 a nazarin Laraba, ka zo da Littafinka mu buɗe tare.