Binciken gwamnatin baya ko farashin kwanon masara: wanne ya taɓa gidanku?

Malamar Firamare, Gwale:
Assalamu alaikum jama'a. Wata gardama ce ta ƙi ƙarewa a ɗakin malamai, na ce bari in kawo ta nan. Tun da Abba Kabir Yusuf ya karɓi mulki ranar 29 ga Mayun 2023, labarin da ya cika rediyo shi ne bin diddigin shekaru takwas na tsohon gwamna Ganduje: rusau, kwamitocin bincike biyu da aka rantsar a Afrilun 2024, ga kuma ƙarar da aka shigar a babbar kotun jiha kan zargin dala 413,000 da naira biliyan 1.38, zargin da shi ya musanta. A wannan ranar ta 29 ga Mayu kuma Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kowa ya san abin da ya biyo baya. Wasu cikinmu sun ce a bar maganar baya a duba cikin talaka, wasu sun ce ai satar jiya ce yunwar yau. Don Allah kowa ya ajiye jar hularsa ko tsintsiyarsa a bakin ƙofa. Abin da ya same ka da kanka nake son ji.

Ɗan Sahu, Kurna:
Wa'alaikis salam Malama. Ni dai ban taɓa ɗaukar fasinjan da ya ce min in rage masa kuɗi saboda an gurfanar da wani a kotu ba. Litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mai mashin bai rage balans ba, shi ma da iyali. Yanzu mutum zai tako da ƙafa daga Kurna har Ƙofar Ruwa sannan ya tsayar da kai, don kuɗin ya ragu. Mace za ta hau da yara uku ta ɗora su a cinya ta biya kuɗin mutum ɗaya, kuma ba ka da bakin cewa a'a. Da dare in na kunna rediyo, sojojin baka ne, wannan ya ce an sace, wancan ya ce bi-ta-da-ƙulli ne. Sai in kashe in kwanta.

Uwar Gurasa, Jakara:
Ɗana, gara kai kana da rediyon kashewa. Ina cikin matan da suka fita titi a Fabrairun 2024 saboda fulawa. Wallahi ban taɓa zaton da girmana zan ɗauki kwali in tsaya a rana ba. Buhun da muke ɗauka bashi a kasuwar Singa mu biya bayan mun sayar, sai ya zama ribar mako ba ta cike ƙarin da aka yi a kansa. Ga yis, ga sukari, ga karan da muke hura tanderu, kowanne da nasa tashin. Muka rage girman gurasa har masu bandashe suka fara tsiya, wai mun koma yin fanke. Tanderu uku nake da su, biyu na kife. 'Yan matan da ke taya ni kwaɓi da ɗauka na sallame su, kuma da wannan ɗan kuɗin iyayensu ke tara musu kayan ɗaki.

Amma kar a ce na ce a ƙyale ɓarawo. In an ci dukiyar jama'a a karɓo. Tambayata ɗaya ce: in an karɓo, ta wace ƙofa take shigowa Jakara?

Tsohon Ma'aikaci, Tarauni:
Hajiya, ni ta ƙofata ta shigo, shi ya sa ba zan yarda a raba maganar gida biyu ba. Na ajiye aiki na zauna shekaru ina jiran giratuti. Tantancewa kam na sha ta, kowane zuwa da fayil a hammata da hoton fasfo sabo. Abokan aikina da dama sun rasu ba su ga sisi ba. Gwamnatin yanzu ta ce ta gaji bashin haƙƙin 'yan fansho na kusan naira biliyan 48, ta fara biya da biliyan 6 a ƙarshen 2023. Na samu nawa, alhamdu lillahi. Sai dai kuɗin da a lokacin da na yi ritaya zai saya min fili in kewaye, da ya zo hannuna rufin ɗakuna biyu da maganin hawan jini ya yi. Dala tana wajen 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta zo ta haura 1,500. To wa zai biya ni wannan giɓin? Kuɗin nan daga albashinmu aka riƙa cirewa wata-wata. In ba a tambayi inda ya shiga ba, ku da kuke aiki yanzu haka za a yi muku, Malama.

Amma bari in gaya muku abin da idona ya gani, don na girme ku. A 1984 sojoji sun ɗaure gwamnonin farar hula, har da namu biyu, Abubakar Rimi da Sabo Bakin Zuwo. Mun yi tafi. A wannan shekarar dai muka riƙa bin layin madara da sabulu da shinkafa, soja na tsaye da bulala. Kafin nan Murtala, ɗan garin nan, ya binciki gwamnonin Gowon goma sha biyu, aka samu goma da laifi, cikinsu har da Audu Bako. Yau ka shiga Kura ko Kadawa ka ambaci Audu Bako, ba wanda zai tuna maka bincike, madatsar Tiga za a nuna maka da shinkafar da ake nomawa da ruwanta. Ban ce binciken banza ba ne. Na ce ban taɓa ganin ya sauke farashi ba, kuma ban taɓa ganin rashinsa ya sauke ba.

Mai Shago A Da, Fagge:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni bincike a kaina ya sauka. Shagona yana cikin waɗanda aka rushe a Filin Idi a Yunin 2023. Ban ƙwaci filin kowa ba. Saya na yi, da takarda da hatimi da rasit, na sayar da gonar gado na cika da bashin wani ubangidana a Kantin Kwari. Da na iso wurin, yara na ta jan rodi da ƙofofi, wani yaro ya wuce ta gabana da ƙyauren shagona a ka, da kwaɗon da na sa da hannuna yana lilo a jiki. Ban iya ce masa komai ba.

Na yarda filin sallar Idi bai kamata a yanka shi a yi kantuna ba, ko a lokacin ma zuciyata ta ɗan yi min wasiwasi. Amma wanda ya sa hannu ya sayar yana gidansa da na'urar sanyaya ɗaki, ni da na saya nake tallan yadi a bakin titi, a shekarar da kwanon shinkafa ya fi ƙarfin mai albashi. Kotun tarayya ta ce a biya diyyar biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko nawa ne, daga baitulmalin jiha zai fita, wato kuɗin Hajiya mai gurasa da na ɗan sahu. An sayar an ci, an rushe an biya, duka daga aljihu ɗaya.

Ɗan Kamasho, Dawanau:
Yaya, Allah ya mayar da alheri. Abin da mutane ke mantawa, hukumar nan ta karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci, wadda Muhuyi Magaji Rimin Gado ya jagoranta, ita ce ta bi maganar bidiyon dala, wanda aka yi zargin ya nuna Ganduje yana karɓar daloli, ita ce kuma ta zo kasuwarmu a Fabrairun 2024 ta garƙame wasu sito-sito kan zargin ɓoye abinci. Ina wurin. Kwana kaɗan buhun masara da gero ya ɗan sassauta, masu kaya suka tsorata suka fito da shi. Daga baya ya koma inda yake, bai sauko sosai ba sai da sabon amfani ya shigo. Dalili a fili yake: kuɗin motar da ke ɗauko kaya daga ƙauye ya ninka, taki ya yi tsada, wasu manoman Zamfara da Katsina ba sa iya zuwa gona, ga mai sefa da ke zuwa ya ga kayanmu kamar kyauta saboda faɗuwar naira. Kwaɗo ba ya maganin wannan.

Ɗalibar Lauya, Kabuga:
Ina neman afuwar iyayena, zan ɗan saka baki. Gwamnan jiha ba shi ke yanka farashin fetur ko na dala ba, wannan na Abuja ne. Shari'a kuma aikin ma'aikatar shari'a ne da alƙalai, ba ta hana ma'aikatar gona raba taki. Don haka in an ce mana sai dai a zaɓi ɗaya, an raina mana hankali ne. Na je kallon zaman kotu don karatu, abin da na fi gani shi ne ɗagewa: yau ba a kai sammaci ba, gobe lauya ya ƙalubalanci hurumin kotu, jibi an ɗaukaka ƙara a kan wannan ƙalubalen. Ana iya cinye wa'adin gwamna guda ba a kira shaida na farko ba. Sannan ranar zanga-zangar tsadar rayuwa, 1 ga Agustan 2024, aka fasa babbar kotun jiha, gwamna da kansa ya ce an kwashe takardun shari'ar tsohon gwamnan. Ga yunwa ga bincike sun haɗu a harabar kotu ɗaya.

Abin da ya fi damuna ma wani ne. Tun da aka cire tallafi, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. Ni na amfana da rage kuɗin makarantun jiha da rabi da aka yi a 2023, ƙanwata ce ke karatu a ɗaya daga ciki, ba zan ɓoye ba. Amma wa ke bin diddigin wannan sabon kuɗin yanzu, tun yana hannu? Ko sai 2031 za a kafa masa kwamiti?

Ɗan Sahu, Kurna:
Ƙanwata, kin faɗi gaskiya, amma dokar hana fita da aka sa bayan zanga-zangar nan ni ta ci. Mashin a ƙofar gida, ba ko sisi, maƙwabciya ce ta miƙo mana garin tuwo ta katanga. Ranar ko an ce min an ɗaure tsofaffin gwamnonin Najeriya gaba ɗaya, ba zai sa in ɗora tukunya ba.

Malamar Firamare, Gwale:
Baba na Tarauni, maganarka ta tsaya min a rai, don ni ma ana cire min na fansho duk wata, ban taɓa tambayar inda yake zuwa ba. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 71,000 a jihar nan a ƙarshen 2024, mun gode, amma kuɗin sahu zuwa makaranta da dawowa kaɗai yana cin wani babban yanki. A ajina kuwa ina gane yaron da bai karya ba tun kafin a tashi tara, kansa na kan benci. Na koma ajiye ƙuli-ƙuli a jaka.

Uwar Gurasa, Jakara:
Malama, ƙuli shi kaɗai ba ya riƙe yaro. Wadda ta ɗan ƙone a gefe ko ta karye ba ma kai ta kasuwa, da ma almajirai muke ba. Ki turo wani babba cikin 'yan ajinki da leda bayan sallar asuba, kafin masu sari su zo. Shi kuma mai shagon Fagge, in yana da atamfa mai sauƙin kuɗi ya yi min magana, akwai bikin ɗaya daga cikin 'yan matan nan da na sallama bayan Sallah, amma biya biyu zan yi.