Shago da waya za su iya zama gunki ga Kirista?

Ɗan Mabera:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Ana yawan faɗa a wa'azi cewa kuɗi, shago, har waya suna iya zama gunki. To, mu nan Sakkwato ba wanda ya girke tsafi a ɗaki, neman halali kuma dole ne ga mai iyali. Ta yaya mutum zai gane abin da yake nema ya sha gaban Allah? In ya gane, daga ina gyara zai fara?

Baba Dattijo:
Ɗana, gunki ba sai an sassaƙa ba. A Ezekiyel 14:3 dattawan Isra'ila ne suka zo suka zauna gaban annabi, Allah ya ce a zuciya suka kafa gumakansu. Bulus kuma a Kolosiyawa 3:5 bai yi kwana-kwana ba, ya kira haɗama bautar gumaka.

Ka sami takarda, mako guda kana rubuta abu uku: abin da hannunka ya fara taɓawa in ka farka, inda kuɗi ya fara nufa ranar da albashi ko ciniki ya shigo, da wanda ka fara nema in mummunan labari ya zo. Sai tambaya ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi: wane abu ne ka yarda ka yi ƙarya ko ha'inci don kada ya kuɓuce maka? Mai awon da ya buga gindin mudu, ko ma'aikacin da ya ƙara kuɗi a rasit, ya riga ya nuna wa yake yi wa bauta, ko da shi ke jan waƙa ran Lahadi. Abin da Matiyu 6:24 ke nufi ke nan. Shagon kansa ba shi da laifi. Wanda ya ƙi aiki kada ya ci, in ji 2 Tasalonikawa 3:10.

Malamin Lahadi:
Baba ya faɗi ganewa, bari in taɓa gyaran lokaci. Ibadar dare ba ta cika ɗorewa a garin nan ba, musamman daga Maris zuwa Mayu: an wuni cikin rana, an ɗauke wuta, mutum na buɗe littafi sai gyangyaɗi. Asuba ta fi, kiran sallar maƙwabta ma ya ishe ka agogo. Fara da minti 20: biyar na Zabura, goma na karatu, biyar na addu'a. Sabon Alkawari sura 260 ne, sura ɗaya kullum daga Litinin zuwa Juma'a za ta kai ka ƙarshensa cikin mako 52.

Inda ake faɗuwa sananne ne. Wani ya ɗauki alkawarin awa guda tun ranar farko, kafin mako ya zagayo ya gaji ya watsar. Wani a waya yake karatu, saƙon WhatsApp ɗaya ya shigo, shi ke nan. Ka yi amfani da Littafi Mai Tsarki na takarda, wayar ta kwana nesa da shimfiɗa. In rana ta wuce ka, ci gaba daga inda ka tsaya, kada ka tara bashin surori. Ka kuma kula: lissafin azumi da zakka shi ma yana iya zama abin taƙama, kamar na Bafarisiyen Luka 18.

Mama Zumunta:
Ɗana, kada ka yi saurin cewa ba tsafi a ɗakunanmu. A duba ƙugun jarirai, da saman ƙofar shago, da ƙasan akwati: laya da guru na nan, wasu gadon kakanni ne. Yanzu kuma an samu sabon salo, kwalbar man shafewa da ruwan addu'a da hankici.

Macijin tagulla Allah ne ya sa Musa ya ƙera shi a Ƙidaya 21, amma da mutane suka koma ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfasa shi, 2 Sarakuna 18:4. Shafa mai yana cikin Yakubu 5:14, sai dai a can dattawan ikilisiya ne ke addu'a cikin sunan Ubangiji. In ka manta kwalba a gida ka ji ba ka iya shiga mota, ko aka sa wa kwalbar farashi, to an kauce. Batun laya, mai ita ne zai fitar da ita da hannunsa, a gaban fasto da dattawa, a ƙone kamar yadda mutanen Afisa suka ƙone littattafan sihiri na azurfa 50,000 a Ayyukan Manzanni 19:19. Ba a sayarwa, ba a kyautarwa. Kada kuma a ɗauke ta miji ko ta suruka a ɓoye. Tsoron na nan a zuciya, gobe za a nemo wata, ga rigima a gida.

Katikis:
Mama, na yarda da ke. Ƙari ɗaya, don nan ake yawan jifanmu: mu Katolika muna bambanta sujada, wadda ta Allah ce shi kaɗai, da girmama siffa. Majalisar Nikiya ta biyu a 787 ta tsayar da haka, kuma Allah da kansa ya sa a yi kerubobi biyu na zinariya a Fitowa 25. Amma wanda ya rataya carbi a mota a matsayin maganin haɗari, bai taɓa jan sa ba, laya ya mai da shi, kuma muna faɗa wa mutanenmu haka a aji.

Baba Dattijo:
Malam Katikis, kan siffofi mun bambanta, mu Fitowa 20:4-5 muka riƙe, wannan kuwa zama ne na daban. Ɗana, kai dai fara da takardar nan. In mako ya cika, kai ta wurin wani dattijo da ba ya jin nauyinka ku duba tare, don mutum shi kaɗai yakan yi wa kansa sassauci a tambaya ta huɗu.